Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Direbobi, 'Yan Acaɓa Da Masu Keke Na Zariya Kan Yadda Ake Ɗaukar Wanda Ya Yi Haɗari

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe. Muna gaishe ku tare da mambobinku na Kwangila da Ɗan Magaji da Ƙofar Doka da Samaru da Sabon Gari, da fatan Allah Ya tsare hanya. Mu wasu ma'aikatan lafiya ne a nan Zariya, cikinmu akwai likitocin ƙashi da na tiyata, da ma'aikatan jinya na ɗakin gaggawa, da masu gashin ƙashi. Mun ga ya fi dacewa mu fara da ku kafin gwamnati. Idan mota ta ƙwace a hanyar Kaduna, ko tirela ta ture mai babur a hanyar Funtuwa, kafin jami'in kiyaye haɗurra ya iso, kafin wani ya tuna da motar asibiti, direba da yaron mota da ɗan acaɓa ne ke fara kai hannu jikin wanda ya ji ciwo. Ba a taɓa rasa mai taimako a titin Zariya ba, Allah Ya saka da alheri. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake ɗaukar mutumin. Akwai wanda haɗari zai karya masa ƙashin wuya ko na baya ya bar masa lakarsa lafiya lau, sai ɗaukar da aka yi masa ta ƙarasa ta.

Gadon bayan mutum ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a tsatso, sauran 9 kuma sun haɗe a ƙasan ƙugu. Suna da rami a tsakiya, ta nan laka ta gangaro daga ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa sassara wuyan rago ranar layya ya ga farin abin nan mai laushi a tsakiyar ƙashi, wanda ko da yatsa ana murƙushe shi. To ita ce. A jikin baligi tsawonta wajen santimita 45 ne, kaurinta bai fi na ƙaramin yatsa ba, tana ƙarewa a daidai ƙashin tsatso na 1 ko na 2. Motsi, da jin taɓi, da riƙe fitsari da bayan gida, da sha'anin iyali, duk ta cikinta saƙonsu ke bi. Ƙashi idan ya karye yana haɗewa. Laka kuwa idan ta yanke, har yau babu asibitin da ke ɗinke ta, ko a Indiya ko a Amurka.

Inda ta lalace shi ke nuna abin da mutum zai rasa. A tsatso, ƙafafu da mafitsara. A bayan ƙirji, daga wurin zuwa ƙasa. A ƙasan wuya har hannuwa su shiga ciki. Idan kuma a saman wuya ne, wajen ƙashi na 3 zuwa na 5 inda jijiyar da ke motsa tantanin numfashi take fitowa, mutum na iya daina numfashi nan take a bakin titi. Fiye da rabin raunukan gadon baya a wuya suke, don shi ke ɗauke da nauyin kai kuma ba shi da haƙarƙarin da zai tokare shi. Wani wurin da ke yawan karyewa shi ne mahaɗar ƙirji da tsatso.

Yanzu ku dubi yadda aka saba. Wani ya zura hannuwa a hammatarsa, wani ya kama ƙafafu, a kinkimo shi, tsakiyar jiki ya lotsa, kai yana lilo ta baya. A buɗe Golf a lanƙwasa shi a kujerar baya, a naɗe masa gwiwoyi don ƙofa ta rufu. Ko a zaunar da shi a Keke wani ya rungume shi. Mafi muni, a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, goshinsa na dukan bayan mai tuƙi a kowane rami da kowane tudun rage gudu. Tsakanin laka da bangon ƙashin da ke kewaye da ita 'yan milimitoci ne kawai, karyayyen ƙashi kuma kaifi gare shi. Lanƙwasa guda ta isa. Shi ya sa ake ɗaukar mutum yana motsa yatsun ƙafarsa, a sauke shi bai ma san ƙafar na jikinsa ba.

Wa ya kamata a yi wa zaton karayar wuya ko baya? Duk wanda ya suma ko hankalinsa ya gushe. Duk wanda mota ta yi wurgi da shi waje, ko ta yi alkafura da shi a ciki, ko ya faɗo daga saman kaya, ko mota ta buge shi a kan babur ko a ƙasa. Wanda ke kukan ciwon wuya ko baya, ko ya ce yana jin kamar lantarki na jansa a hannu ko ƙafa, ko wani sashe ya mutu masa. Wanda ke da rauni a kai ko fuska. Akwai alamu biyu da mutane ba su cika lura da su ba: numfashin da ciki kaɗai ke ɗagawa ƙirji bai motsi, da kuma miƙewar gaba ga namiji ba gaira ba dalili. Duka biyun suna nuna laka ta taɓu. Kada kuma tsayuwar mutum da ƙafarsa ta ruɗe ku. Zafin karyewar cinya, ko firgici, ko abin da ya sha, suna iya ɓoye ciwon wuya na tsawon sa'o'i. Tsoho ma wani lokaci yana tafiya da ƙafarsa amma hannuwansa sun yi lakwas, wannan ma rauni ne a lakar wuya.

In kun isa wurin, ku fara da tsare hanya. A ajiye alamar tsayawa ko rassan itace can nesa ta ɓangarorin biyu, a kashe injin motar da ta yi haɗarin, a hana shan taba. Mutum guda ya kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112, ya faɗi wurin daidai da adadin mutanen da suka ji ciwo. A kori masu ɗaukar hoto da waya baya. Sannan a fara duba wanda ya yi shiru kafin mai ihu, domin mai ihu yana numfashi.

Mutum na farko ya durƙusa ta saman kan majinyacin, ya dafe kan da tafukansa biyu a gefen kunnuwa, ya kafa gwiwar hannunsa a ƙasa ko a cinyarsa don kada ya gaji. Daga nan ba shi da wani aiki sai wannan, har a isa asibiti ko a ɗaure kan. Ba ja ake yi ba, riƙewa ce. Idan wuyan ya karkace kuma mutumin ya ji zafi ko wuyan ya cije da aka gwada daidaita shi a hankali, a bar shi yadda yake. Idan ya suma yana minshari, harshe ne ya faɗa baya. Kada a ɗaga haɓa a tanƙwara kai. A sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ta ɓangarorin biyu a turo shi gaba, sai hanyar iska ta buɗe wuya bai motsa ba. A share jini da karyayyun haƙora da goro da ake gani a baki. Amma a riƙe wannan da kyau: numfashi yana gaba da wuya. Idan babu yadda iska za ta shiga sai an ɗan motsa kai, a motsa. Haka idan mota na ci da wuta, ko tana nutsewa a ruwa, a ja shi a miƙe ta kafaɗun riga, kansa na kwance a kan damatsan mai ja.

In babu irin wannan barazana, wanda ke maƙale a mota ba a fizgo shi ta taga. Wani ya shiga kujerar baya ya riƙe masa kai. Wanda yake cikin hayyacinsa, yana motsa gaɓoɓinsa duka, babu inda ya mutu masa, gara a bar shi ya fito da kansa sannu a hankali ya kwanta, domin mai hankali yana kare wuyansa fiye da yadda masu jansa za su kare. Mai hular kwano kuma a bar masa ita muddin yana numfashi sosai. In dole sai an cire, aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tallafe ƙeya da muƙamuƙi ta ƙasa, ɗaya ya buɗa gefunan hular ya zare ta a hankali.

Ɗora shi a kan allo yana son mutum 4, na 5 ya tura allon. In babu allon asibiti, ƙyauren ƙofa ko faffaɗan benci ko katakon gado zai yi. Tabarma da bargo ba za su yi ba, don suna lotsawa. Mai riƙe da kai shi ne shugaba, ko da yaron mota ne kuma ciyaman na wurin. Sauran ukun su durƙusa a gefe guda: ɗaya ya kama kafaɗa da ƙugu ta can gefen, ɗaya ƙugu da cinya, ɗaya ƙafafu. Mai kai ya ƙirga, a uku a mirgino shi gaba ɗaya zuwa wajen masu durƙuso, hanci da cibiya suna kallon waje guda a kowane lokaci. A tura allo, a sake ƙirgawa, a mayar da shi. Kafin a mayar, a zare walat da makulli da waya daga aljihun baya. A ɗaure ƙirji, da ƙugu, da cinyoyi, da ƙwauri, sannan a zo kan kai daga ƙarshe. Dalilin jerin shi ne, in an ɗaure kai jiki yana sake, da an taka birki jikin zai zame wuya ya murɗe. A naɗe tawul ko zani biyu a sa a gefen kunnuwa, a bi ta goshi da filasta ko rawani a zagaye allon. Kada a sa jakar yashi ko bulo, nauyinsu ne zai ture kan a kwana. Kada a sa matashi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 8 kansa ya fi jikinsa girma, in ya kwanta a allo wuyansa na lanƙwashewa gaba, don haka a shimfiɗa masa naɗaɗɗen zani mai kaurin santimita 2 zuwa 3 daga kafaɗu zuwa ƙugu. Mai tsohon ciki a ɗan karkata allon gaba ɗayansa zuwa hagu, don kada nauyin cikin ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Wanda zai yi amai kuma, allon ake juyawa da shi gaba ɗaya.

Abin da muke so ku fi riƙewa bayan wannan shi ne, karayar gadon baya ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Ƙarfin da ya isa ya karya shi ya isa ya yi wata ɓarnar, kuma sau da yawa waccan ɓarnar ce ke fara kashe mutum.

Kai da wuya tare suke tafiya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu raunin gadon baya suna da rauni a kai, ko da ƙarami ne. Akwai wanda zai suma, ya farfaɗo, ya yi magana sarai har ya ce a kai shi gida, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. Bayan 'yan sa'o'i ya fara amai, barci ya danne shi, baƙin idonsa guda ya buɗe fiye da ɗayan. Duk wanda ya suma, komai gajartar suman, asibiti za shi. Jini ko ruwa garai-garai daga kunne ko hanci alamar fashewar gindin ƙoƙon kai ce, kada a toshe da auduga. Kuma cikin masu karayar wuya, wajen 1 cikin 10 suna da wata karayar a wani wuri daban na gadon baya, shi ya sa ba wuya kaɗai ake tsarewa ba.

Karayar bayan ƙirji takan zo da karayar haƙarƙari, haƙarƙarin ya huda huhu, iska ko jini su taru su danne shi. Za ku ga numfashi na ƙaruwa da sauri, gefe guda na ƙirji ba ya ɗagawa, leɓe ya canza launi. Wannan mintoci yake ba mutum, ba a jiran kowa, sai asibitin da za a sa masa robar ƙirji ta fitar da iskar ko jinin.

Ciki kuwa shi ne maƙaryaci. Jinin baligi duka wajen lita 5 ne, saifa ko hanta in ta fashe tana iya zubar da rabinsa a ciki, ko ɗigo ba a gani a riga ba. A ka'ida irin wannan mutum zai yi ta kukan ciki, cikin ya yi tauri. To amma wanda lakarsa ta yanke a sama ba ya jin cikin nasa, sai ya kwanta shiru, kowa ya mayar da hankali kan ƙafafun da ba sa motsi. A ɗaga riga a duba. Shatin bel a kan mara, musamman ga wanda ya ɗaura na ƙugu kaɗai ko ya sa shi sama da ƙashin ƙugu, yakan zo da karayar tsatso da fashewar hanji tare. A taɓa wuyan hannu: bugu mai sauri sama da 100 a minti, jiki sanyi ƙalau da gumi, tafin hannu fari fat, ƙishirwa mai tsanani, wannan jini ne ke zuba. Raunin laka daga ƙashin ƙirji na 6 zuwa sama shi ma yana faɗar da awon jini, sai dai nasa daban ne: bugun ya yi ƙasa da 60, fata kuma da ɗumi a bushe. Mutum guda na iya haɗa duka biyun, ɗaya ya rufe ɗaya. Saboda haka mu a asibiti muna ɗaukar cewa jini ne ke zuba har sai mun tabbatar ba shi ba ne, ku ma ku ɗauka haka.

A nan ne maganar ruwa ta shigo. Mun san tausayi ne ke sa a ɗaga kan mutum a ɗura masa ruwan leda ko madara ko lemo. Ɗaga kan ya motsa wuya, ruwan na iya sarƙe shi ya gangara huhu, kuma cikin da ke cike yana kawo cikas wajen sa shi barci don tiyata. A jiƙa masa leɓe kawai. Sheƙa wa wanda ya suma bokitin ruwa ma a daina. Sanyin jiki na hana jini daskarewa, ga shi mai raunin laka ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. A lulluɓe shi, ko da rana ake yi, balle dare a lokacin hunturu.

Jinin da ake gani a danne shi da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ban da ƙasa, ban da man birki, ban da garin batir. Karyayyar cinya guda tana shanye lita 1 zuwa 1 da rabi, a ɗaure ta da lafiyayyar ƙafar da tsumma a tsakani. Ƙashin ƙugu in ya buɗe yana shanye fiye da lita 2. Maganinsa na bakin hanya zani ne: a naɗe shi faɗin tafin hannu biyu, a zura ta ƙarƙashin gwiwoyi a ja shi sama har daidai ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefen cinya, daidai layin gaba, a ɗaure tamau, a haɗe ƙafafu. Yawanci kuskuren da ake yi shi ne a ɗaura a kan cibiya, a can kuwa ba ya matse komai. Kada kuma a jijjiga ƙugu don gwada ko ya karye.

Motar ɗauka ita ce wadda allo zai kwanta a miƙe: a-kori-kura, Hilux, ko bas da aka cire wa kujeru. Jiran irin wannan na minti 15 ya fi cusa mai ciwon wuya a Keke nan take, muddin yana numfashi sosai kuma ba alamar zubar jini. Direba ya tafi a natse, sauri ya haifi nawa. Wani ya zauna wajen kai yana yi masa magana. Kada mutum ya wuce sa'a 2 a kan busasshen allo, fatar da ba ta ji tun a nan take fara mutuwa.

Kada a tsaya kemis. Mai wahalar numfashi ko zubar jini a kai shi asibiti mafi kusa da ke iya ƙarin jini da tiyata, a cikin gari akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Raunin laka kansa aikin babban asibiti ne mai likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, domin hoton ƙashi na yau da kullum yana iya tsallake karayar wuya, sai an haɗa da hoton na'urar CT, lakar kanta kuma hoton na'urar MRI ke nuna ta. Lokaci na da muhimmanci ta fuska biyu. Allurar rage zubar jini ta tiranezamik asid tana amfani ne in an yi ta cikin sa'a 3 da haɗarin. Tiyatar ɗage ƙashi daga kan laka kuma an fi son a yi ta cikin sa'a 24. Wanda ya rako majinyaci kada ya ajiye ya juya. Ya gaya mana ƙarfe nawa abin ya faru, a ina mutumin yake zaune, ya suma ko bai suma ba, kuma da aka fara isa gare shi yana motsa hannu da ƙafa ko a'a. Amsar tambayar ƙarshen nan tana iya sauya shawarar likita gaba ɗaya. Masu tsoron a ce sai an kawo takardar 'yan sanda su sani, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili.

Sai maganar ɗori, kuma ba da raini muke yin ta ba. Masu ɗori sun daɗe suna yi wa jama'a hidima. Amma hanyar aikinsu ita ce ja da murzawa da dannawa, abin da kuwa karyayyen gadon baya ba ya so ke nan. Da yawa lakarsu ba ta yanke duka ba, ƙujewa ta yi ko kumburi, kuma irin waɗannan su ne ke da kyakkyawan fatan samun sauƙi in an bar wurin ya zauna. Alamar hakan ita ce ɗan motsin babban yatsan ƙafa, ko jin taɓi a kewayen dubura. A sa hannu a fitar da irin wannan daga asibiti a kai shi a taka masa baya, garin neman gira a rasa ido ke nan. Ku ne ake roƙa ku kawo motar da za ta kai shi. Kuna da bakin da za ku ce wa dangi a dakata.

In mambanku ya koma gida a kwance, abin da ke kashe irinsu bayan watanni ba karayar ba ce. Gyambon kwanciya ne a ƙasan ƙugu da ɗuwawu da dunduniya, da ciwon mafitsara da ke haurawa ƙoda, da ciwon huhu. Ana juya shi kowace sa'a 2, dare da rana, a duba fata kullum, shimfiɗa ta zama a bushe ba ƙudundune ba, a kula da tsabtar robar fitsari, a ci gaba da gashin ƙashi. Gudummawar ƙungiya in ta tafi ga katifa mai kyau da keken guragu mai matashi da kuɗin motar zuwa asibiti, ta fi buhun shinkafar ranar dubiya amfani.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinku ba. Daga kuɗin tikitin da ake karɓa kullum, kowace tasha ta tanadi akwati guda. A ciki a sa allo mai tsawon santimita 183 da faɗin 45, wanda kafinta zai iya yankawa daga filawud mai kaurin milimita 18 ya huda masa wuraren riƙo; maɗaurai 4; kwalar wuya, wato abin da ake ɗaura wa wuya don kada ya motsa, ta manya da ta yara; tawul 2; faffaɗar filasta; bandeji 10; safar hannu kwali guda; almakashi; tocila; bargo; da zani 2. Makullin ya kasance a hannun wanda ke kwana a tasha, kada ya zama yana aljihun sakataren da ya tafi gida. Motocin dogon zango kuma su riƙe safar hannu da bandeji da bargo.

Sannan ku duba lodi. Mutum biyu a kujerar gaba yana nufin aƙalla ɗaya ba shi da bel, shi ne ke fita ta gilashi da ka. Matashin kai na kujera da ake cirewa shi ke tare wuya in an bugi mota ta baya, a mayar da shi, samansa ya yi daidai da saman kai. Fasinjan da ke saman buhuna ko saman shanu a tirela ba shi da abin riƙo ko kaɗan, in ta faɗi mutum goma-goma ake kwasa lokaci guda, kuma a tasha aka gan su suna hawa. 'Yan acaɓa su sa hular kwano su ɗaure igiyarta. Maganar da ake yaɗawa cewa ita ke karya wuya ba ta da tushe.

Muna sane da cewa akwai nauyin da ba naku ba ne. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, da KASTLEA mai kula da dokokin hanya a jihar Kaduna, da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna su ne ya kamata su ajiye motocin asibiti masu allo da iskar numfashi da horarrun ma'aikata a tsakanin Jaji da Zariya, da Zariya da Tashar Yari, da Zariya da Giwa. Dokar 2014 ɗin nan ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa, ya dace a ga tasirinsa a kan waɗannan hanyoyi. Muryarku ta fi tamu isa kunnensu, muna roƙon ku haɗa da mu wajen nema.

Karatun wannan takarda ba zai koya wa kowa mirgina mutum ba, sai hannu ya yi. Kowace tasha ta fitar da mutum 20, a haɗa da 'yan kamasho da yaran mota da masu kwana a tasha. Rabin yini ya isa rukuni guda: kowa ya riƙe kai, kowa ya mirgina, kowa kuma ya kwanta a ɗauke shi ya ji yadda abin yake, a maimaita bayan wata 6. Ku sa rana da wuri, mu za mu zo da allo da kwalar wuya, ba ma buƙatar ko sisi.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya a Zariya